Gida sabo, mota ba makwanci: yadda Landan ke raba bakin titi

A unguwannin tsakiyar Landan irin su Camden da Islington da Tower Hamlets, akwai dubban gidaje a cikin sababbin benaye waɗanda duk wanda ya saya ko ya kama haya a cikinsu sai ya amince da wani sharaɗi: ba shi da ikon neman takardar izinin ajiye mota a bakin titin unguwar. Ba wanda ya hana shi sayen mota. In yana so ya saya, amma inda za ta kwana, wannan shi ya jiyo. A tsallaken titi kuwa, maƙwabcinsa da ke zaune a tsohon gidan jan bulo zai shiga shafin ƙaramar hukuma a intanet, ya biya kuɗin shekara, a ba shi izini, a wasu wuraren ma har na mota biyu. Hukuma ɗaya suke biya wa harajin gida, kwalta ɗaya suke takawa, amma ɗaya yana da rabo a bakin titi, ɗayan ba shi da shi.

Wannan bambanci ba kuskuren wani akawu ba ne. Da gangan aka rubuta shi cikin yarjejeniyar da kamfanin gine-gine ya ƙulla da ƙaramar hukuma, tun kafin a haƙa harsashin ginin, lokacin da wanda zai zauna a gidan bai ma san da zancen ba.

Kafin a zo ga yarjejeniyar, sai an fahimci abin da ake rigima a kansa. Mota aba ce da ta fi zama a tsaye fiye da tafiya. Binciken cibiyar RAC Foundation ta Birtaniya ya nuna cewa kusan kashi 96 cikin 100 na lokacinta a ajiye take, kuma mafi yawan wannan lokacin a ƙofar gidan mai ita. Gurbin mota ɗaya a ma'aunin da aka saba da shi a ƙasar mita 2.4 ne a faɗi, 4.8 a tsawo, wato ya kai girman ƙaramin ɗakin kwana. A birnin da mutane ke biyan kuɗi masu nauyi don ɗaki ɗaya, ba wa mota fili irin wannan a kan titin jama'a kowane dare kyauta ce babba, ko da ba a kira ta da wannan suna ba. Tsofaffin unguwannin Landan kuma an gina su ne kafin mota ta zo, gida manne da gida, ba gareji, ba farfajiya. Duk wanda ya san lungunan cikin birnin Kano ya san irin wannan: mota ba ta shiga, sai a kai ta gidan mai ko wani fili a bakin hanya, a riƙa ba maigadi wani abu a wata. Bambancin kawai, a Landan ƙaramar hukuma ce maigadin, kuma ita ke zaɓen wanda za ta karɓi kuɗinsa.

Asalin takardar izinin mazauna unguwa ba don dare aka ƙirƙiro ta ba. Matsalar rana ce ta haife ta: ma'aikata su zo daga nesa da safe, su cika titunan da ke kusa da tashar jirgi ko ofisoshi, masu unguwa su rasa wurin tsayawa. A Amurka har sai da maganar ta kai Kotun Ƙoli a 1977, a shari'ar gundumar Arlington ta jihar Virginia, inda kotun ta ce hukuma na da hurumin fifita mazauna unguwa a kan baƙin da ke zuwa aiki. Tsarin ya yi maganin baƙi. Abin da bai tanada ba shi ne ranar da za a gina bene mai gidaje 200 a filin da a da sito ne ko gareji, mazaunansa duk su zama 'yan unguwa, kowa da haƙƙin neman izini. Titi ba ya ƙara tsawo. Takardar kuma, kamar yadda hukumomin kan rubuta a sharuɗɗansu, ba ta ba ka tabbacin gurbi, izinin nema kawai take ba ka.

Daga nan rigimar take tashi. Duk lokacin da kamfani ya kai takardar neman izinin gini, a cikin ƙorafe-ƙorafen da maƙwabta ke aikawa da wuya ka rasa maganar fakin. Kansilolin da ke kwamitin tsara gari kuwa ƙuri'ar waɗannan maƙwabtan suke nema, ba ta mutanen da ba su tare ba tukuna. Shi ma kamfanin yana da nasa lissafin. In aka ce lallai sai ya yi wurin ajiye motoci a cikin ginin, dole ya haƙa ƙasa ya yi gareji a ƙarƙashi, aikin da ke cin kuɗi ƙwarai, ko kuma ya sadaukar da filin da zai iya ɗaukar ƙarin gidaje. Sai aka samo hanyar da ta yi wa ɓangarorin uku daɗi: a yi ginin ba gareji, a kuma hana mazaunansa takardar bakin titi. Kamfani ya huta da haƙa, maƙwabta sun tsira da gurabensu, hukuma ta samu gidajen da take nema ruwa a jallo. Mutum ɗaya ne ba ya wurin lokacin da ake wannan rabo, shi ne wanda abin zai faɗa a kansa.

Makamin da ake amfani da shi shi ne sashe na 106 na dokar tsara birane da karkara ta 1990. Wannan sashe ya ba hukuma damar ɗaure mai gini da wasu alkawura kafin ta sa masa hannu: ya ware wani kaso na gidajen ga masu ƙaramin ƙarfi, ya ba da kuɗin gyaran mahaɗar hanya, ya tallafa wa makarantar unguwa, da makamantansu. Ƙarfin irin wannan alkawari shi ne yana bin ƙasar ne, ba mutum ba. Ko an sayar da gidan sau goma, sabon mai shi ya gaji sharaɗin. A cikin waɗannan alkawura aka cusa na hana izinin fakin, tare da tilasta wa kamfani ya sanar da duk mai saye ko ɗan haya a rubuce. Sau da yawa akan haɗa da ɗan lallashi, kamar wurin kulle kekuna, ko a biya wa mazauna rajistar kamfanin motocin haya na awa-awa na shekarun farko. Naƙasassu masu riƙe da shuɗin katin gwamnati su ba a hana su.

Camden na cikin waɗanda suka fara wannan tun shekarun 1990, sannu a hankali sauran suka bi. Zuwa 2021, lokacin da magajin gari Sadiq Khan ya fitar da sabon kundin tsarin Landan, abin ya zama ƙa'ida: a duk wurin da sufurin jama'a ya wadata, gini marar wurin mota shi ne mafari, wanda ke son akasin haka shi zai kawo hujja. Suna da ma'auni da ake kira PTAL, daga 0 zuwa 6b, wanda ke duba nisan ƙofarka daga tashar bas ko jirgi da kuma yawan zuwansu. Wurin da ya samu maki 5 ko 6, ba a yarda a yi masa gurbin mota ba sai na naƙasassu. Kuma hujjar ba ta banza ba ce. Ƙidayar 2021 ta nuna cewa a Islington da Tower Hamlets, kusan gida biyu cikin uku ba su da mota ko ɗaya. Tilasta wa kowane sabon gida gareji a irin wannan wuri ɗora wa marasa mota kuɗin masu mota ne, domin kuɗin haƙan a cikin haya da farashin gida zai ɓuya.

Sai dai an daɗe ana wannan aiki a kan doka mai rauni ba a lura ba. Wata mai gida a Westminster, a tsakiyar Landan, ta nemi mayar da garejinta ɗakin zama, ta yi alkawarin ba za ta nemi takardar bakin titi ba. Hukumar ta ƙi, matar ta ɗaukaka ƙara wurin sufeton tsara gari, aka ba ta gaskiya bisa wannan alkawari. Ita hukumar Westminster da kanta ta garzaya Babbar Kotu, kotun kuma a 2013 ta ce alkawarin bai shiga cikin abin da sashe na 106 ya ƙunsa ba. Dalilin mai sauƙi ne in an bi shi a hankali. Sashen yana magana ne a kan yadda za a yi amfani da filin mai alkawarin. Titi kuwa ba filinsa ba ne. Cewa ba zan nemi takarda ba, bai canza komai game da yadda ake amfani da gidan ba, magana ce tsakanin mutum da hukuma, don haka ba ta bin ƙasa, ba ta kuma ɗaure wanda zai saya daga baya. Hukumar ta ci shari'arta, amma ta girgiza ginshiƙin da sauran ƙananan hukumomi suka jingina da shi.

An zauna cikin wannan ruɗani har 2017, lokacin da wata shari'a daga yankin Kensington da Chelsea ta kai Kotun Ɗaukaka Ƙara. Alƙalan sun tabbatar cewa lallai sashe na 106 ba zai ɗauki wannan nauyi ba. Amma suka ce akwai wata doka da za ta ɗauka: sashe na 16 na wata dokar 1974 da aka yi wa tsohuwar Majalisar Babban Birnin Landan, majalisar da gwamnatin Margaret Thatcher ta rushe a 1986. Kalmomin wannan tsohuwar doka sun fi faɗi, abin da ta nema kawai shi ne alkawarin ya kasance yana da alaƙa da filin. Da wannan aka ceto tsarin, shi ya sa yau za ka ga yarjejeniyoyin Landan suna ambaton dokokin biyu a tare. Dokar 1974 ɗin kuwa ta Landan ce kaɗai. Garuruwan da ke wajenta sai dai su bi ta wata hanya, wato su cire adireshin sabon ginin daga jerin masu cancanta a cikin dokar zirga-zirgar yankin, abin da wata majalisar gaba za ta iya warwarewa in siyasa ta juya.

A nan gizo yake saƙar, domin abin da duk wannan shari'a ba ta taɓa ba shi ne dare. A yankuna da yawa na Landan, dokar takardar izini tana aiki ne da rana kawai, galibi daga 8:30 na safe zuwa 6:30 na yamma, Litinin zuwa Juma'a, a wasu wuraren ma awa biyu kacal a tsakiyar rana don korar masu zuwa aiki. Bayan wannan lokaci, gurbin na kowa ne. Ka duba abin da hakan ke haifarwa. Mutumin da ke zaune a bene marar izini, in yana fita aiki da motarsa kafin 8:30 ya dawo bayan 6:30, sharaɗin bai taɓa shi ba ko kaɗan, motarsa za ta kwana a ƙofar gida kyauta, ba ko sisi. Wanda sharaɗin ya kama shi ne mai barin motarsa a gida ya hau bas, sai ranar Asabar ya ɗauke ta ya kai yara ziyara. Shi ne zai fito ya tarar da takardar tara a manne a gilashi, tarar da kan haura fam 100. Wato tsarin da aka yi don rage hawa mota ya koma yana saka wa mai hawanta kullum, yana hukunta mai hawanta jefi-jefi. Su kuma tsofaffin mazauna da aka yi wa alkawarin kariya, lokacin da suka fi buƙatar gurbi, wato in sun dawo gida da daddare, shi ne lokacin da kariyar ta tashi daga aiki. Tsugune ba ta ƙare ba.

Maganin da ke bayyane shi ne a tsawaita lokacin dokar zuwa dare, kuma wasu yankunan sun yi hakan, musamman kusa da filayen ƙwallo da wuraren shaƙatawa. Amma kowane sauyi sai an nemi ra'ayin mazauna, kuma su ma ba bakinsu ɗaya ba. Mai karɓar baƙi da yamma ba ya so, domin sai ya sayi tikitin baƙo ga duk wanda ya zo cin abinci. Mai gidan abinci a bakin hanya ba ya so. Masallatai da coci-coci ma sukan yi ƙorafi saboda masu zuwa ibada da dare.

Sai maganar wanda ke ɗaukar nauyin. Mai kuɗin da ya sayi gida a irin wannan bene ya san abin da ya saya, in kuma yana son mota zai kama hayar gurbi a garejin 'yan kasuwa, kuɗin bai dame shi ba. Amma a cikin ginin nan akwai kason gidajen masu ƙaramin ƙarfi, waɗanda ba su zaɓi wurin ba, layi ne ya kawo kansu bayan shekaru suna jira. A cikinsu akwai direban tasi, da mai gyaran famfo da ke yawo da kayan aiki a bayan ƙaramar motar kaya, da mai kula da tsofaffi gida-gida da ke tashi aiki a lokacin da jirage suka daina tafiya. Ga waɗannan mota jari ce. Iyali mai 'ya'ya biyar da ke cunkushe a ɗaki biyu za a ce musu ga gida mai ɗaki huɗu ya samu, amma ku manta da takardar fakin. Tower Hamlets ta ga wannan matsala har ta fito da wani tsari da ya ba iyalan da suka koma manyan gidajen hukuma marasa izini damar tafiya da takardarsu guda ɗaya, in sun cika wasu sharuɗɗa. Gyara ne mai kyau, amma shi kansa shaida ne cewa ƙa'idar farko ta yi wa wasu tsauri fiye da kima.

Akwai garuruwan da suka bi ta ɗaya gefen. A ƙananan biranen Amurka da ke son farfaɗo da tsakiyar gari, hukuma kan mallaki filayen fakin da gareji masu hawa waɗanda ke cika da rana su zama wayam da dare. Sai a rubuta cikin yarjejeniya da mai gini cewa mazaunan sabon bene za su samu takardar kwana a waɗannan filaye. A kan takarda lissafin ya fita: ma'aikaci ya tafi gida da yamma, mazauni ya shigo, gurbi ɗaya ya yi aiki biyu. Wahalar tana wurin da lokutan suka haɗu. Masu gidajen abinci suna son guraben daga magariba zuwa tsakar dare, daidai lokacin da mazauna ke dawowa, kuma tun da aiki daga gida ya yawaita bayan annobar korona, motoci da yawa ba sa motsawa da safe. Ga kuma yanayi. A Chicago, daga 1 ga Disamba zuwa 1 ga Afrilu ba a yarda mota ta tsaya a wasu manyan tituna masu tsawon mil 107 daga ƙarfe 3 zuwa 7 na asuba ba, ko ƙanƙara ta sauka ko ba ta sauka ba, don motocin share hanya su samu wucewa. A Milwaukee sai da takarda mota ke kwana a titi tsakanin ƙarfe 2 da 6. Abin da ya fi haɗari a wannan salo shi ne tsawon alkawarin. Hukumar da ta ɗaure kanta shekaru masu yawa cewa za ta samar da gurabe a wani fili, ta hana kanta sayar da filin ko gina wani abu a kansa, ta kuma ɗauke wa kamfani kuɗin da ya kamata ya fito daga aljihunsa.

A ganina salon biyu duk suna kewaye abu ɗaya ne ba sa son taɓawa, wato farashi. Ana sayar da takardar shekara a kan abin da bai kama ƙafar hayar gurbi a garejin 'yan kasuwa na unguwar ba, don haka masu nema suka fi gurabe yawa, don haka dole a samo hanyar hana wasu, sai aka zaɓi ranar da aka gina gidanka ta zama ma'auni. Marigayi Donald Shoup, masanin tsara birane na jami'ar UCLA a Amurka, ya shafe rayuwarsa yana wannan magana, cewa a sa wa bakin titi kuɗin da ya dace, a mayar da kuɗin ga unguwar. Amma a Ingila hannun hukuma a ɗaure yake ta wani ɓangare. A 2013 Babbar Kotu ta soke ƙarin da ƙaramar hukumar Barnet ta Landan ta yi, daga fam 40 zuwa 100 a takardar mota ta farko, daga fam 1 zuwa 4 a tikitin baƙo, saboda an gano manufar ita ce tara kuɗin wasu ayyukan sufuri, alhali dokar zirga-zirga ta 1984 ba dokar haraji ba ce. Hukuncin bai hana ƙara kuɗi don rage cunkoso ba, tara kuɗin shiga ya hana. Duk da haka ya sa kansiloli taka-tsantsan, kuma ko ba kotu, ba ɗan siyasar da ke marmarin gaya wa masu zaɓensa cewa abin da suke samu da arha zai ninka.

Japan ta yanke wannan igiya tun 1962. A yawancin garuruwan ƙasar ba za a yi wa motarka rajista ba sai ka kawo shaida daga 'yan sanda cewa kana da wurin ajiye ta, wanda bai wuce kilomita 2 daga gidanka ba, kuma barin mota a titi fiye da awa 8 da dare laifi ne. Ba tsohon mazauni, ba sabo, kowa ya nemo wa motarsa makwanci da kuɗinsa. Landan ba za ta iya kwafar wannan a rana ɗaya ba, domin dubban ɗaruruwan motoci sun riga sun saba kwana a waje, ba kuma inda za a kai su. Abin da ke hannunta shi ne ta ƙayyade adadin takardu daidai da guraben kowane yanki, ta tsananta kuɗin mota ta biyu da ta uku, ta kai dokar har dare inda ake cunkoso, sannan duk takardar da ta faɗi saboda wani ya ƙaura ta shiga layi ɗaya da kowa zai iya bi, a fara da masu neman abinci da motarsu. Wannan zai rage wa kamfanonin gine-gine hujja mafi sauƙi da suke rufe bakin maƙwabta da ita a gaban kwamiti, kuma wasu gine-ginen za su fi shan wuya kafin su samu izini. Ƙananan hukumomin Landan 33 ne, kowace da tata dokar fakin, kuma kowace tana da adadin gidajen da aka ɗora mata ta samar a shekara, shi ya sa sharaɗin hana takarda ke ci gaba da shiga sababbin yarjejeniyoyi.